Littafin da Aka Aika wa Marigayi

Ranar Lahadi da safe, a wani ɗaki da ke saman shagon sayar da hular kwano a birnin Hue da ke can gabas mai nisa, malamar da ke koyar da Turancin kasuwanci da na'ura ta nuna Khiem da alli, ta ce ya tashi ya gabatar da kansa kamar yana gaban baƙon kamfani.

Ya miƙe. Shekararsa ashirin da bakwai, gyaran waya yake yi a bakin kasuwa, kuma ba a taɓa kawo masa wayar da ta razana shi ba, ko da daga kogi aka tsamo ta. Amma yana buɗe baki sai harshensa ya yi nauyi, gumi ya keto masa. Ya faɗi sunansa. Ya sake faɗin sunansa. Ya zauna.

Sai ga 'yar takarda daga bencin baya: "Ko ba komai yanzu duk mun san sunanka. Ni ce Uyen."

Ya waiga. Wata siririya ce mai gilashi, yatsunta duk jan fenti, tana danne dariya. Tsoron da ya ji a tsaye bai kai rabin wanda ya ji da ta ɗaga masa gira ba.

Da aka tashi ta tsare shi a wajen mai kofi, ta karɓe littafinsa ba tare da ta tambaya ba. Kowace kalma ya rubuta ta da ma'anarta, ya kuma bar layi ɗaya a ƙasa don jimlar gwaji.

"Yaya Khiem, duk waɗannan ka iya su?"

"A rubuce."

"A baki fa?"

"A baki guduwa suke yi."

"Kai ma haka kake. Da an kalle ka sai ka cusa kai cikin kwalar riga. Daga yau sunanka Kunkuru."

Bai yi gardama ba. Mu maza masu irin wannan hali mun san idan mace ta raɗa maka sunan dabba, to ta fara lura da kai ke nan.

Gidansu Uyen kayan takarda suke yi, waɗanda ake ƙona wa mamata don su samu abin amfani a can: riguna, gidaje, dawakai, babura, yanzu kuma har wayoyi da kwamfutoci, tun da matattu ma ba sa son a bar su a baya. Bayan wata biyu ta ɗauko kwamfutar takarda guda daga shago, baƙa mai sheƙi, ta liƙa littafinsa a ciki ta zama masa bango.

"Riƙe. Ko za ka ji kanka babban manaja."

Da rana takan turo saƙo: "Kunkuruna, kalmar yau *deadline*. Ma'ana ranar da idan ta wuce an gama da kai. Ka sa ta a jimla."

Shi kuma ya amsa: "Na sa, Malamata. Amma ba zan nuna miki ba."

"Matsoraci."

"Na gode."

Mahaifinta, Baba Truc, mutum ne mai gajeren gashi da gajeren zance, kuma ba shi da ɗa namiji. Ranar da Khiem ya je gaishe shi da kwandon lemo, ya dube shi tun daga takalmi har goshi.

"Me kake yi?"

"Gyaran waya, Kawu."

"Rabin masu sayen kayana yanzu suna ƙasashen waje. Iyayensu sun mutu a can, su kuma ba su iya karanta harshenmu ba. Wanda zai auri 'yata shi zai riƙe shagon nan, ya yi magana da su. Ka iya Turanci?"

"Ina... ina koyo, Kawu."

"Dat ya iya."

Dat ɗan abokinsa ne, ya yi shekara shida a Ostireliya, ya dawo da mota da wani irin tsayuwa ta mutumin da bai taɓa jiran layi ba. Shekara biyu Uyen ce ke amsa saƙonnin baƙin nan, amma Baba Truc bai taɓa lissafa wannan a matsayin iya Turanci ba.

A makon Khiem ya hango ta a gaban motar Dat suna tsallaka gada, tana dariya. Ya koma rumfarsa, ya kwana uku bai amsa waya ba, ya ɓata allon wayar wani ɗan sanda ya gyara kyauta. Rana ta huɗu saƙo ya shigo:

"Kunkuru, kana raye? Baba ne ya sa na raka shi wajen aika kaya. Dariyar da ka gani, dokin takarda ne ya maƙale a ƙofar motarsa. Saurara: ranar sha biyu ga wata ake tunawa da rasuwar kakana. Da ƙarfe ɗaya wata mai saye za ta kira ta bidiyo daga Melbourne, can Ostireliya. Baba ya ce wanda ya iya ya zauna ya yi magana da ita. Ka gane abin da yake nufi. Idan ba ka zo ba, ni ba zan iya ni kaɗai ba. Ina jin tsoro."

Ya karanta sau tara, ya rubuta: "Ni ma. Zan zo."

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana hadda. Farashi, rangwame, jigila, garanti, kalma ɗari takwas. Shirinsa ɗaya ne: ya buɗe littafin a kan cinya, ƙarƙashin tebur, inda kyamara ba ta gani.

Ranar ta zo da yayyafi. Gida ya cika da gwaggwanni da kawunnai. An jera wa hoton marigayin dafaffiyar kaza, shinkafa mai danƙo, 'ya'yan itace da ƙananan kofuna uku, hayaƙin turare yana tashi. Wata gwaggo ta ga Khiem tsaye ba ya komai, ta daka masa tsawa ya zo ya kama tebur. Ya ajiye littafin a kan benci, kusa da tulin kayan da aka tanadar wa marigayi, ya tafi.

Ya ɗauki tebur huɗu, ya jera kujeru, ya wanke ganye. Da turaren ya ci rabi, Baba Truc ya kwashi kayan takardar ya fita tsakar gida wajen tukunyar ƙarfe, yana jefawa ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan mahaifinsa ya zo ya karɓa.

Ƙarfe ɗaya saura kwata Khiem ya koma benci. Wayam.

Ya leƙa ƙasa. Ya ɗaga tabarma. Sai ya ji Baba Truc daga waje yana cewa, "Wannan kwamfutar wa ya yi ta? Ta fi sauran nauyi, ta ƙi ci da wuri."

Ƙafafunsa ne suka kai shi, shi dai bai san ya taka ba. A cikin tukunya baƙin bango ya nannaɗe, shafuka suna buɗe kansu suna zama toka. Na farko ne ya rage, inda ya rubuta cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da kyakkyawan rubutu. Yana kallo wuta ta lashe shi.

"Nawa ne," ya ce, muryarsa kamar ta wani. "Akwai sunana a ciki."

Gwaggon da ta sa shi aiki ta dafe ƙirji. "Sunan mai rai? Da ranar haihuwa? Wayyo sama da ƙasa! An aika shi!"

Kowa a gidan ya san suna ɗaya ake rubutawa a jikin kayan wuta, sunan wanda ya riga ya tafi. Khiem yana gyara waya, ya san lantarki, a rumfarsa yakan yi wa irin wannan magana murmushi. Yanzu kuwa sai ya tuna babur ɗinsa birkinsa ba shi da kyau, ya tuna tarin da ya yi shekaran jiya.

Wayar shago ta yi ƙara. Baba Truc ya dube shi. Khiem ya nemi kalma ɗaya cikin ɗari takwas, bai samu ko gaisuwa ba. Dat ya gyara kwala ya zauna, ya yi minti goma yana zuba Turanci kamar rediyo, matar ta sayi gidaje ashirin da babura goma.

"To," in ji Baba Truc, "an gama magana. Ko ba don Turanci ba, ba zan ba da 'yata ga mutumin da sunansa ke hannun matattu ba."

Uyen ta fashe da kuka. Khiem ya soma laluben takalmansa.

"Kai, mai gyara. Ajiye takalmin nan."

Kaka ce, mahaifiyar Baba Truc, matar marigayin, shekara tamanin da shida, tana zaune a gefen teburin kakanni tun safe.

"Ɗan mutane ya shigo gidana da ƙafarsa, ɗana ya jefa sunansa a wuta, sai ya fita haka? Truc, kai ka ƙona, kai za ka roƙi ubanka ya sake shi. Ɗauko faranti."

Aka kawo farantin da tsofaffin kwabbai biyu masu huda, kowanne an shafa wa fuska ɗaya farar ƙasa. Idan aka jefa, fari ɗaya baƙi ɗaya, marigayi ya yarda. Baƙi biyu, ya ƙi. Fari biyu, dariya yake yi. Kuma ba a wuce tambaya uku.

Khiem ya durƙusa. Baba Truc ya ɗaga turare. "Baba, kuskure aka yi. Ka saki sunan yaron nan."

Kwabbai suka yi ƙara a faranti. Baƙi biyu.

Wata gwaggo ta fara salatin mutanen Buddha a hankali. Uyen ta durƙusa kusa da Khiem, ta kama hannun rigarsa a gaban kowa.

"Baba, don girmanka, ka sake shi."

Fari biyu.

"Dariya yake yi," in ji Kaka, ta ƙanƙance ido tana duban hoton. "Shekara hamsin da ɗaya na zauna da mutumin nan, ba ya dariya a banza. Dakata, Truc, saura ɗaya. Kai yaro, me ka rubuta a littafin?"

"Kalmomi, Kaka. Na kasuwanci."

"Kawai?"

Ya dubi ƙofa, ta yi nisa. Ya dubi Baba Truc, ya yi kusa.

"Da jimloli. Kowace kalma da jimlarta."

"Faɗi ɗaya. Da harshenmu, ni ban yi ajinku ba."

"Garanti," ya ce, yana kallon tabarma. "Garantin waya wata shida ne, nawa ga Uyen ba ya ƙarewa."

Wani kawu ya ƙware da shayi.

"Ci gaba."

"Rangwame. Idan ta yi fushi ba ta yin rangwame. Caji. Idan na gan ta..." Ya katse jimlar. "Duka ɗari takwas ɗin a kanta ne, Kaka. A shafin ƙarshe kuma na rubuta wa Kawu wasiƙa, ina neman aurenta. Da Turanci na rubuta, don na san ba zai iya karantawa ba."

"Kunkuru!" in ji Uyen, tana kuka tana dariya. "Kai wane irin mutum ne?"

Kaka ta buga tafin hannu a cinya. "Ka ji! An kai wa mai gida takardar neman aure hannu da hannu, mu kuma muna nan muna cewa ya mayar. Ba dole ya yi dariya ba? Truc, tambaye shi abin da aka aika masa."

"Inna, Baba bai iya Turanci ba."

"Shekara tara yana can tare da duk waɗanda suka mutu a Amurka. Ka tambaya, na ce."

Baba Truc ya daɗe riƙe da farantin. Idan baƙi biyu suka fito, babu aure, babu kuma sauran tambayar da za a karɓo sunan da ita. Khiem ya san haka, Uyen ma ta sani, farcenta ya nutse a damtsensa.

"Baba," in ji Baba Truc, murya ƙasa-ƙasa, "ka karɓi wannan yaro ya zama mijin jikarka?"

Ya jefa. Kwabo ɗaya ya kwanta nan take, baƙi. Ɗayan ya tsaya a gefensa yana juyi, yana zagaya bakin faranti, har Khiem ya rufe ido. Ya ji ƙarar faɗuwarsa, sannan ya ji gwaggwanni sun kaure da ihu.

"Buɗe idonka, sakarai," in ji Kaka. "Fari ne."

Baba Truc ya ajiye farantin a hankali, ya rusuna wa hoton sau uku. Mutum yana iya musu da 'yarsa, yana iya musu da uwarsa idan ya shirya wahala, amma ba ya musu da ubansa a ranar tunawa da shi. Ya juyo.

"Ka ci abinci?"

"A'a, Kawu."

"Zauna nan kusa da ni. Kada dai ka zubar min da miya."

Dat ya ci kaza, ya yi sallama cikin mutunci. Daga baya ya ci gaba da sayen kayan shagon yana kaiwa waje, kowa ya huta.

Bayan damina, a ranar da mai duba kwanaki ya zaɓa, dangin Khiem suka zo a jere da farantai lulluɓe da jan kyalle, da shayi da waina da ganyen taunawa. Uyen ta fito cikin doguwar riga ja, ta cire gilashi, ba ta ganin komai sai shi da ke kusa. Suka rusuna a gaban teburin kakanni, suka zuba wa manya shayi.

Kaka ta sa wa amarya zoben da ta yi shekara sittin da shi, ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Ku zauna lafiya, ku haifi masu surutu irin uwarsu. Ku tsufa tare har ku gaji da juna ku sake shiryawa. Kayan shagon nan kuwa, ku yi ta sayar wa duniya, amma ku daɗe, ku daɗe ƙwarai, kafin a ƙona muku ko takalmi."