Wasan Da Ya Raga Wa Baba Renike

A wurin baje kolin wasanni na unguwar Yaba, a Legas, Jibola ya fara ganinta, kuma cikin minti huɗu ta tona asirin aikinsa na shekara biyu.

Wasan ayo, darar Yarbawa, ya mayar na waya, gurbi goma sha biyu, ƙwaya arba'in da takwas. Abin da ya kawo a ranar, demo ne, ɗan yankin da ake gogewa tas don a kwaɗaita wa mutane. Ta karɓi wayar, ta danna gurbi biyu a tare, allon ya ƙame.

"Ai ba haka ake yi ba," in ji shi.

"Haka mutane za su yi." Ta miƙa masa wayar. "Sunana Renike. In kana da beta, ba ni. Kwalliya ba ta dame ni ba."

Beta kuwa shi ne wasan gaba ɗaya, ɗanye, wanda ake ba mutane kaɗan su tono aibunsa kafin ya shiga kasuwa. Jibola yana ɓoye ɗanyen aikinsa kamar mai ɓoye yagaggiyar singileti. Amma ya ba ta. Wai don gwaji, in ji shi, alhali kowa a ofis ya san lambarta yake so.

Saƙonni suka fara shigowa.

"Aibi na 17: in kira ya shigo, ƙwaya uku suna ɓacewa. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba, Maɓarnaciyata. Kin hana ni sakat."

"Aibi na 18: mai wasan ba ya cin abinci. A gyara kafin Juma'a."

Kafin a kai aibi na sittin sun ci amala tare sau ba adadi, kuma Jibola ya kamu, kamun da ba ya son a sake shi.

Matsalar tana Ebute Metta. Mahaifinta, Baba Renike, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ne gwanin ayo na unguwar, kuma ya yanke hukunci tun kafin ya ga yaron.

"Wanda wasa ne sana'arsa, aure ma wasa zai ɗauke shi."

Ga kuma Dotun, ma'aikacin banki mai neman Renike, da yake zuwa duk Lahadi ya buga da tsohon, a cinye shi, ya yi dariya, yana satar kallon labule. Da ƙyar Renike ta shawo kan uban ya ce a kawo abin ya gani.

"Ka kai masa beta, Mai Gyarana," ta rubuta.

Jibola ya kasa zaune ya kasa tsaye. Beta har yanzu yakan ƙame. In ya ƙame a hannun Baba fa? Sau uku ya sa shi a wayar yana cirewa. Ranar Asabar, demo ya ɗauka.

Shi kuwa demo an saita shi ne ya raga wa sabon shiga, don ya ji daɗi ya saya. Baba Renike ya ci sau uku a jere, sannan ya kife wayar a kan benci.

"Sau biyu na buɗe masa gurbi da gangan, bai ci ba. Ko injinka wawa ne, ko ni ka mayar wawa. Dotun ma haka yake mini, amma shi ko ba komai yana kawo lemo. Tashi ka tafi."

Kwana tara Renike ba ta ɗaga wayarsa ba. Ya rame, ya bi ya addabi abokan aiki, ya rubuta mata har yatsunsa suka gaji. Amsa ɗaya ya samu.

"Aibi na 61: ka ji tsoron babana ya ga abinka yadda yake. Wannan ba ni zan gyara ba."

Saura mako biyu wasan ya fita, ya hau motar danfo ya koma. Ya kwanta rub-da-ciki ya gaida tsohon, ya miƙa wayar da hannu biyu.

"Baba, wannan bai gama nuna ba. Yana iya tsayawa a tsakiya. Amma ba zai raga muku ba."

Wasan farko, aka cinye Baba Renike. Ya gyara zama, ya aika a kawo masa tabarau. A na biyu, gefensa ya ƙare ƙaf, injin kuma ya ci gaba da juya ƙwayarsa a nasa gefen. Tsohon ya doki benci.

"Wa ya koya maka ayo? In gefen abokin karawarka ya ƙare, kana da halin zuba masa, dole ka zuba. Ba a barin mutum hannu wofi."

Jibola ya ƙura wa wayar ido. Ya tabbata ta ƙare masa.

"Me kake kallo? Rubuta mana. Na nawa ke nan?"

"Sittin da biyu, Baba," in ji wata murya daga bayan labule.

"To, ya dawo Asabar da gyara."

Jibola ya ɗage fitar wasan, abokan aikinsa suka yi ta ƙorafi, bai kula ba. Asabar bakwai ya yi yana zuwa. Dotun ya gaji da zaman jiran benci ya daina leƙowa.

Ranar biki, bayan ango da abokansa sun kwanta gaisuwa a gaban dangin amarya, Baba Renike ya zaro ƙwaya ɗaya ta tsohon allonsa daga aljihun babbar riga. Ya sa ta a tafin Jibola, ya ɗora hannun 'yarsa a kai.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya hana ku yi wa juna kwalliyar ƙarya. Kada ka ce sonka nake yi, yaro. Na duba gefenka ne na ga ba komai, ni kuma ina da halin zuba maka."