Lambun Bakin Rariya

Wai can da daɗewa, a wani ƙauye mai nisa da rijiya, an yi wani mutum da ke zaune da mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon baya. Zai tafi ci-rani, sai ya ce bari ya bar mata ɗan lambu a ƙofar gida, ta riƙa ganin kore tana jin daɗi.

Ya je kasuwa. Mai sayar da dashe ya nuna masa furanni ja jawur, ya ce, "Duk wanda ya wuce sai ya tsaya kallo. Amma fa ruwa safe da yamma."

Kai, ransa ya biya! Har ya miƙa hannu, sai ya tuna: wa zai ɗebo ruwan? Inna.

Aka nuna masa ayaba. To, wa zai ɗebo ruwan? Inna.

Sai ya ce, "Malam, ba ni zogale da lalle kawai."

Bai yi saurin haƙa rami ba fa. Yini guda ya yi yana lura, har ya ga ruwan alwalar Inna na bi ta rariya ya fito waje. Nan ya dasa su, maƙwabta na ta dariya.

Bayan wata biyar ya dawo, ya tarar zogale ya fi shi tsawo, Inna na tsinkar ganye.

Ta ce, "Ɗan nan, ikon Allah, ko sau ɗaya ban ba su ruwa ba."

Ya durƙusa gabanta, ya ce, "Kin ba su mana, Inna. Sau biyar kullum."