Amfilifayar da Ba Ta Shan Fetur

Duk wanda ya san Uwaisu a ƙauyukan Ɗanbatta ya san mutum ne mai zargi. Gyaɗa aka auna masa, sai ya sake aunawa. Ka gaishe shi da fara'a, sai ya hau tunanin abin da kake nema. Irin wannan ai ba a cutarsa. Haka dai shi yake gani.

A shekarun da kwanon gero ya gagari talaka, taki ya zama sai kallo, Uwaisu ya sayar da gonar gadonsa ya sayo lasifika biyu a Kano, na falon wani attajiri da ya karye. Dogaye ne, jikinsu katako mai sheƙi. Niyyarsa ya riƙa ba da haya a biki da walima. Sai dai lasifika ba ta magana sai da amfilifaya, akwatin da ke tura mata ƙarfi, waɗannan kuwa sun gagari duk wadda ya gwada. Ƙaramar da ya fara gwadawa ta yi zafi ta ƙone. Babbar da ya aro ta sa su shaƙewa kamar mai mura, ga janareta na zuƙe fetur. Yana ji yana gani gonarsa ta koma katako biyu a ɗaki, matarsa Rahmatu tana rufe su da tsohon zane.

Baƙin ciki ne ya kai shi wajen wani boka a wani kufai. Rana tsaka ce, amma bukkar duhu. Ƙahonin raguna rataye, ƙwarya cike da baƙin ruwa, hayaƙi mai ɗaci na tashi daga kasko. A saman ƙofa an shanya wasu abubuwa a zare kamar busasshiyar kuɓewa. Sai da ya ƙura ido ya gane harsuna ne. Ko kukan tsuntsu ba a ji a wurin.

Bokan ya yaye jan ƙyalle. Baƙaƙen akwatunan amfilifaya uku ne, ba suna a jikinsu, ba wayar wuta.

"Zaɓi," in ji bokan. "Ƙaramar zakara take so. Ta tsakiya rago. Babbar ce daidai da kayanka."

"Ita me take so?" Uwaisu ya tambaya. "Ka faɗa mini tun yanzu. Ba na ba da jini, ba na ba da kan mutum."

"Wa ya yi maka maganar jini? Gwaji ne kawai. Kafin ka fita da ita aiki, wanda ke cin tuwon gidanka ya ɗauki makirufo ya ce ana ji."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da za ka yi."

Uwaisu ya juya akwatin, ya jijjiga, ya shinshina. Ya tambaya ko tana zafi, ko za ta fasa masa lasifika, ko tana shan mai. Ya tambayi komai, mai wayo, ban da abin da ke samun wanda ya yi gwajin. Ya ɗauki babbar.

Ƙaninsa Dabo, wanda ke zaune a gidansa, shi ne ya fara gwadawa. Sautin ya fito garau, kamar mutum na maka magana a kunne. Kafin kaka ta zagayo, babu bikin da ake yi ba da Uwaisu ba. Ya fanshi gonarsa, ya yi ginin siminti, ya sayi babur. Yana kai janareta wajen biki don idon mutane, amma masu sayar da fetur suka fara raɗa cewa ba wanda ya taɓa auna masa ko kwalba.

Muryar Dabo ta fara dishewa. Aka ce sanyi ne. Daga baya ya riƙa buɗe baki ba abin da ke fita, ya rame, ya kwanta, aka kai shi makwancinsa. Bayan sadakar bakwai, ana tsakiyar wani biki a Gezawa, Uwaisu ya ji a ƙarƙashin kiɗa, siririya: "Ana ji?" Muryar Dabo ce.

A nan ya gane, wallahi ya gane. Amma aka zo masa da aikin wani babban taro, sai ya miƙa wa Rahmatu makirufo.

"Malam, ni abin nan tsoro yake ba ni," ta ce. "Tun da ya shigo gidan nan ko kaji ba sa kuka."

"Sau ɗaya ne, Rahmatu. Daga wannan na daina."

Bai daina ba. Da muryarta ta tafi, hankalinta ya bi. Takan zauna gaban lasifikar tana motsa baki, tana yaƙushin katakon, kamar mai neman abin da aka ƙwace mata. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Saura Hure, 'yarsu ƙarama, wadda bakinta ba ya hutawa da waƙa. Yanzu kam tsoro ya kama Uwaisu. Ya koma kufai, bai tarar da komai ba sai toka. Ya dawo ya cire wayoyi, ya kulle ɗakin kayan, ya rataya makulli a wuya. Bai zargi ƙaramar tagar baya ba. Bai kuma lura ba cewa Hure ta sha kallon baffanta da uwarta suna haɗa wayoyi suna gwaji, tana jiran ranar da za a ce ita ma ta yi.

Yana gona da hantsi, fartanya a hannu, sautin ya keto gero ya cika karkara, garau, cike da murna:

"Baba! Baba, ana ji?"

An ji. Har ƙauyen gaba an ji. Ya yar da fartanya ya ruga, ya ɓalle ƙofa. Ya tarar da ita a zaune, makirufo a hannu, tana masa murmushi, bakinta na motsi. Jikin yarinya bai kai na Dabo ba. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Uwaisu ya ƙone lasifikun, amma bai daina jin tambayar ba. Ranar kasuwar Ɗanbatta za ka gan shi cikin tsumma, ya toshe kunnuwa, yana amsawa da ƙarfi, "Ana ji, Hure, ana ji!"

Kai da talauci ya matse, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya kyauta, kuma ba daga aljihunka zai ɗauki ladansa ba. Daga cikin waɗanda ke cin tuwon gidanka zai ɗauka.