Facin Tsakar Rana

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Asabar aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Ƙuba, aka ce an yi sata a cikin jirgin ruwa.

Insifeto Tahir ya ajiye kofin shayinsa. "Jirgin ruwa? A Madina?"

Teku mafi kusa tana Yanbu, tafiyar awa biyu da wani abu a mota. Amma masu ƙarar Hausawa ne, shi kuwa Tahir jikan mahajjata ne, a bakin kakarsa ya tsinci Hausa, don haka duk rigimar da ta taso da harshen teburinsa take faɗawa. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Jirgin na nan kuwa, a wata tsohuwar gonar dabino bayan gidajen Ƙuba. Kwalekwalen faiba ne mai tsawon taku ashirin, an ɗora shi a kan tayoyi, fentinsa ya koɗe. An kankare ƙasansa an yi masa sabon shafe har rabi. Allon baya, inda ake rataye inji, an yanke fatarsa ta sama, katakon ciki ya ruɓe yana zuba kamar dusa.

Mutum huɗu ne tsaye. Wani saurayi ya riga kowa magana.

"Ga ɓarawon nan, ya Insifeto! Khalas, magana ta ƙare, ba sai an yi bincike ba."

Wanda ya nuna tsoho ne siriri mai farin gemu, rigar aikinsa duk ɗigon gam.

"Kai wane ne?" in ji Tahir.

"Saif Bakri. Jirgin mahaifinmu ne."

Yayarsa Sundus, malamar makaranta, ita ta yi bayani a tsanake. Mahaifinsu masunci ne a Yanbu. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya ɗauke masa magana, sai aka dawo da shi Madina har da jirginsa. Shekara shida yana kwance yana nuna jirgin da yatsa, suna cewa kewar teku ce. Bayan ya rasu jirgin ya ƙara shekara takwas a gindin dabino, ruwan ban-ruwa na shiga yana cin katako. Bana ta ga ba za ta iya ci gaba da kallonsa yana ruɓewa ba, ta ɗauko Malam Khalilu, mai gyaran tankunan ruwa na faiba.

"Ranar Alhamis yana bubbuga allon baya da guduma don ya ji inda ya ruɓe," ta ce, "sai ya ji wani wuri na ƙara daban. Ya huda, ya haska fitilar waya, ya ga gwangwani. Bai taɓa ba. Ya kira ni da Saif da Baffa, ya ce sai magada sun hallara ranar Asabar za a yanka."

"Yau aka yanka," in ji Saif, "ga abin da muka samu."

Gwangwanin alawa ne, ya yi tsatsa, babu komai ciki sai ɗan kunnen zinare guda da ya maƙale a gefe.

Dattijon da ke gefe, mai ƙiba, farar rigarsa a goge an ɓalla maɓallan hannu, ya yi ajiyar zuciya. Shi ne Alhaji Sanusi Maiturare, ƙanin marigayi, mai shagon turare a unguwar Ƙurban.

"Na mahaifiyarmu ne," ya ce. "Da shi ta taho daga Kano. Tun da ta rasu muke neman zinarenta. Ashe yana nan. La haula. Ni ba na zargin kowa, amma faiba ba kowa ya iya ta ba."

Tahir ya hau jirgin ya leƙa ƙarƙashin bencin baya. Ta ciki aka yanka allon, aka ciro abin da aka ciro, aka mayar da gwangwani, sannan aka yi faci. Facin sabo ne, ya yi ruwan ƙasa, ya tsattsage, duk kumfa.

"Su wa ke da makullin gona?"

Uku ne: Khalilu, Saif da Baffa. Tahir ya karɓi katin iƙamar Malam Khalilu, wato izinin zamansa a ƙasar, ya ce ya biyo shi.

A ofis Malam Khalilu ya zauna a bakin kujera. Mutumin Chadi ne, shekara talatin da ɗaya a Madina. Shi da Tahir duk sun san abin da ke jiran baƙon da aka kama da sata: kurkuku, daga nan jirgin sama, ba dawowa.

"Ɗana, ba kurkukun nake tsoro ba," ya ce. "Matata Ikilima tana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Abin da na roƙi Allah ke nan, in mutu a garin nan a kai ni kusa da ita. In aka fitar da ni, shi ke nan."

Tahir ya zaro wayarsa. Ya sha ganin ɓarayi masu farin gemu. Ya tura masa hoton facin a waya.

Tsohon ya duba, sai fuskarsa ta sauya. Wanda aka kira ɓarawo ya yi shiru, sai ga shi ya miƙe tsaye saboda hoto.

"Wannan? Ni? Subhanallahi! Gara ku ce na yi satar da ku ce ni na yi wannan ƙazantar!"

"Zauna, Baba. Me ke damun facin?"

"Ya ƙone. Ka ga, gam ɗin faiba ba ya daskarewa sai an ɗiga masa magani. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani na ƙasashen sanyi ne. A Madina, cikin bazara, rabinsa ake sawa, kuma bayan Asuba ake aiki, kafin takwas an tashi. Wanda ya yi wannan ya bi rubutu, kuma da tsakar rana ya yi. Gam ɗin ya tafasa a hannunsa."

"Kana ina jiya da rana?"

"Harami, tun ƙarfe goma. Amma wa zai shaide ni a cikin wannan taro?"

"Kayan aikinka fa?"

"Suna ƙarƙashin jirgi. Kwalbar tina kawai nake tafiya da ita a mota, don zafi na shanye ta. Ita ke wanke gam daga hannu, in babu ita sai dai fata ta bi."

Tahir ya rubuta. Tsohon ya ƙara da cewa, kamar mai magana da kansa, "Kuma ko wane ne, yana can yana susa. Ƙurar faiba in ta shiga fata ruwan sanyi ake sa mata. Wanda bai sani ba sai ya ruga famfo, ruwan tanki kuwa da rana wuta ne. Ƙaiƙayin sati guda ya saya."

Duk da haka a bayan kanta ya kwana, don ƙwararre ma yana iya ɓata aiki da gangan.

Washegari aka kira Saif. Ya zo da riga mai gajeren hannu, fatarsa sumul.

"Ina ka yi Juma'a?"

"Masallacin Ƙuba."

"Da motarka ka je?"

"Aiwa, da ita na je."

"To motarka ta iya gudu. Sha biyu da minti biyar kyamarar hanyar Yanbu ta ɗauke ta tana wuce ƙa'ida."

Saif ya fara kame-kame, Hausar ta gudu, Larabci ya zubo. Daga ƙarshe dai ya faɗi gaskiya. Ya je Yanbu ne wurin wani mai son sayen jirgin in an gama gyara, bai gaya wa Sundus ba.

"Don Allah kada ta ji."

"Ka yi ƙarya a ofishin hukuma, kuma yayarka kake tsoro?" in ji Tahir. "Tashi ka tafi, kada ka bar gari."

Ƙaryar Saif ta wanke shi, tunda da tsakar rana yana hanya. Tahir ya koma gonar shi kaɗai, ya bi gindin dabino ɗaya bayan ɗaya. A cikin busassun ganye, kusa da katanga, ya tsinci hankici. Ya sandare kamar kwali saboda gam. Ya kai hanci. Warin gam na nan, amma ƙamshin turare ya danne shi, kamar an tsiyaya rabin kwalba.

Shagon Alhaji Sanusi a Ƙurban cike yake da hayaƙin turaren wuta. Ya tarbi Insifeto da fara'a, ya sa aka kawo gahawa da dabino, ya ɗauko kwalba ya shafa masa a bayan hannu kamar yadda yake yi wa kowane baƙo. Da hagu ya shafa. Yatsu biyu na dama a naɗe suke da filasta.

"Garwashi ne," ya ce. "Sana'armu ke nan."

"Allah ya sawwaƙe. Ina ka yi Juma'a, Alhaji?"

"Masallacin Ƙiblatain, sahun farko. Ban taɓa fashi ba."

Ya goga wuyansa da kafaɗa.

"Kana ba Malam Khalilu turare?"

"Na ba shi 'yar kwalba ranar Alhamis, wallahi saboda na ɗauka mai amana ne. Saif ma a nan yake ɗiba. Ka ga duniya." Ya sake goga damtsensa a jikin kanta. "Ka yi masa sassauci, tsufa ne. A mayar da shi ƙasarsu kawai ya isa."

Tahir ya riƙe wannan maganar a ransa. Ya shanye gahawar ya yi sallama.

Ranar Litinin ya tara su duka a gonar, sha biyu saura. Da gangan ya ja lokaci, yana tambayar abin da ya riga ya sani, rana na dukan kowa, har aka kira Azahar.

"Yalla, mu yi salla a nan," ya ce. "Ga famfo."

Ya naɗe hannun rigarsa ya yi alwala. Saif ya yi. Malam Khalilu ya yi, yana hura yatsu don zafin ruwan. Alhaji Sanusi bai motsa daga inuwa ba.

"Ina da alwala."

"Sabuntawa lada ne, Alhaji."

"Na ce ina da ita."

Tahir ya fito da hankicin a cikin leda. "Wanda ya yi facin nan gam ya kama masa hannu, ya nemi tina bai samu ba, sai ya wanke da turare. Malam Khalilu 'yar kwalba ka ba shi, na gan ta a ɗakinsa ko buɗe ta bai yi ba. Talaka ba ya wanke hannu da turare, sai wanda yake da shi kamar ruwa. Limamin Ƙiblatain kuma yana gaishe ka, ya ce ko lafiya bai gan ka ranar Juma'a ba."

"Wannan cin mutunci ne! Ni sa'an ubanka ne!"

"Shi ya sa nake roƙonka, ban sa a riƙe ka ba. Naɗe hannun rigarka."

Sundus ta matso. "Baffa, ka naɗe mana. Ka kunyata shi."

Dattijon ya dube ta. Sannan ya ɓalle maɓallin. Daga wuyan hannu har gwiwa fatar ta yi jawur, duk ƙuraje da sawun farce.

Ya zauna a kan tayar da ke tallafe da jirgin.

"Na uwata ne," ya ce. "Ni na yi jinyarta, yayana Bakri yana teku. Da ta rasu ya zo kwana uku, zinare ya ɓace, ya rantse mini bai gani ba. Shekara ashirin da biyar ina jin abin nan a raina. Da na ji an ga gwangwani, sai na ce wallahi ba zan zauna a raba da ni kamar mai bara ba. Na jira kowa ya tafi masallaci. Na ɗauka in na mayar da gwangwanin na rufe, za a ce tun can babu komai. Ɗan kunnen ne ban gani ba."

"Ina zinaren?"

"A shago, cikin akwatin itacen turare."

Sundus tana kuka a fili. "Baffa, da ka ce kana so, wallahi da na bar maka kasona. Amma ka tsaya a nan kana kallo aka tafi da bawan Allah. Da bai kira mu ba, wa zai san akwai gwangwani?"

Alhaji Sanusi bai ɗago kai ba. Tahir bai sa masa ankwa ba, ya dai kama gwiwar hannunsa a hankali ya miƙa shi ga ɗan sandan da ke bakin ƙofa. Yana tafiya yana susa har ya shiga mota.

Saif ya zo gaban Malam Khalilu ya sunkuya ya sumbaci kansa. "Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe. Gobe bayan Asuba ka zo ka kankare mini ƙazantar nan, ka sa dogon hannu."

Tahir ya ciro katin iƙama ya miƙa masa. Malam Khalilu ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi gaba da baya. Ya sa shi a aljihun ƙirji ya dafe.

"Zo in sauke ka gida, Baba."

"A'a, ɗana. In ba damuwa, ka ajiye ni a Harami. Bayan La'asar ana buɗe ƙofar Baƙi'a. Ina so in je in gaya wa Ikilima ina nan."