Takarda ta Arba'in da Ɗaya

Ranar da ta fara shiga shagonsa na buga takardu ko sallamar kirki ba ta yi ba. Firintar makarantarsu ta mutu, ga yara arba'in 'yan aji biyu suna jiran takardun aikin Turanci. Ta miƙa masa fulas ɗin kwamfuta mai ɗauke da aikin.

"Kwafi arba'in, don Allah. Kuma kada ka ajiye min fayil a kwamfutarka."

"Haba Malama, daga zuwa sai zargi?"

"An taɓa yi min ne."

Da gaskiyarta kuwa. Ita take zana takardun nan da kanta: hoton akuya, hoton kujera, sai yaro ya rubuta sunan kowanne da Turanci a ƙasa. Bara wani mai shago ya kwashe su kaf, ya goge sunanta ya saka nasa. Tun daga nan duk mai injin buga takarda ɓarawo ne a wurinta.

Shi kuwa bawan Allah, yana ganin yadda take duba takardun ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa, shi ke nan, zuciya ta tafi. Duk Litinin sai ta zo. Kafin zango ya ƙare ta zama Malamata, shi kuma Mai Tawada, don yatsunsa kullum baƙi ƙirin.

"Malamata, akuyar wannan makon ta fi ta wancan fara'a. Ni kika tuna da kike zana ta?" ya aiko mata a saƙon murya.

"Allah ya shirye ka, Mai Tawada. Ai kai na kalla na zana gemun."

Har maganar aure ta je gaban Abbanta, tsohon hedimasta, ya ce zai bincika.

To amma Malama ido gare ta. Wata Litinin ta lura injin bai tsaya a arba'in ba, ɗaya ta ƙaru. Mai Tawada ya zare ta a hankali, ya tura cikin durowa, ya murɗa makulli. Ta sa masa ido. Mako na biyu haka, na uku haka. Ga kuma wata malamar makarantar tsallaken titi, mai turare kamar ta yi wanka da shi, kullum tana kan bencin shagon tana wani "Yayana, ka gaji ko?" Yayanta a ina!

Ana cikin haka abokiyar aikinta ta shigo ofis da takarda a hannu. "Wannan ba akuyarki ba ce? A jakar 'yata na gani, a makarantar tsallake aka ba su."

Akuyarta ce, har gemun.

Da labari ya kai wa Abba, sai ya cire tabarau. "Mutumin da ya saci aikinki tun bai aure ki ba? Ba zan ba shi ke ba. A bar maganar."

Ta ɗauki waya ta aika wa Mai Tawada saƙo. "Na ga takardata a makarantar ƙanwarka mai turare. Na gode."

"Wallahi Malamata ban ba kowa ba."

"To ta arba'in da ɗaya ina take zuwa?"

Kwana biyu cur ba amsa, kuma shirun nan ya fi komai ƙona mata rai, don tana son sa, so ba na wasa ba. Rana ta uku ana tashi daga makaranta ta wuce shagon, ta tsaya masa a ka.

"Buɗe durowar nan."

"Don Allah ki bar ta."

"In ka bar ta a rufe, ka ga tafiyata ke nan."

Ya buɗe. Takardunta ne jere, tun daga na makon farko, kuma duk an cike su da fensir. Rubutu ne na babban hannu, a karkace, wani wurin an goge har takardar ta huje. A ƙasan hoton tunkiya an rubuta sunan akuya.

"Aikin wane ne wannan?"

"Nawa ne." Kansa na ƙasa. "A aji uku na bar makaranta, da babanmu ya rasu. Kwamfutar nan wuraren dannawa kawai na haddace. Na ga 'yar hedimasta nake nema, na ce bari in koya a ɓoye kafin ki gane."

"Shi ne ka bari na ɗauke ka ɓarawo?"

"Na ga kamar ya fi sauƙi."

Sai ga hawaye shar a idonta. "Kai dai an yi sakarai. Ba ka san malama kake nema ba?"

Ta tattara takardun ta kai wa Abba. Ya juya su, ya sake juyawa.

"Abin da ban gane ba, Abba, wa ya ba makarantar tsallake takardata? Bayan shi, kai kaɗai nake tura wa fayil ka duba min kurakurai."

Abba ya yi gyaran murya. Umma da ke ninke kaya ta ɗago. "Malam, ba kai na ji kana cewa ka tura wa tsofaffin abokan aikinka a wasap su ga basirar 'yarka ba?"

"Mutum huɗu ne kacal," in ji Abba. Ɗaya cikin huɗun kuwa shi ne shugaban makarantar tsallake.

Abin ka da tsohon malami, bai iya ba da haƙuri da baki ba. Jan biro ya ɗauko, ya zauna ya yi makin takardun nan tas, sannan ya aika a kira Mai Tawada.

"Wannan tunkiya ce, ba akuya ba. Amma ka ci bakwai cikin goma, kuma ba wanda ya koya maka. Na zarge ka da abin da ni na yi, ka yafe min. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Abba ya dafa kansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya raba su da zargi, jama'a suka amsa da amin. Da aka kawo takardar shaidar aure, ango bai miƙa wa kowa ya karanta masa ba. Ya bi ta da yatsa, layi bayan layi, Abba na tsaye yana jira, sannan ya sa hannu.