Foldar da Aka Kawo wa Mudi

Ku matso kusa, ba da ƙarfi zan faɗa ba. Wannan a kan Tasi'u ya faru, mai gyaran waya a kasuwar garinmu, kuma daga bakinsa na ji.

Shi da Mudi wurin oga ɗaya suka koyi aiki, rumfunansu na kallon juna. Rumfar Mudi kullum cike take, har mutane na tsayuwa a rana. Tasi'u kuwa sai ya wuni yana goge tebur. In wani ya tsaya gabansa, yawanci tambaya ce, ina rumfar Mudi? Sai ya nuna da haɓa. Abin ya daɗe yana cin sa.

Wata Juma'a da rana tsaka ya yanke ta bayan tsohuwar marina zai koma kasuwa. Ba kowa a hanyar, duk an tafi masallaci. Sai ga wani dattijo zaune a bakin ramin rini, ko gumi babu a goshinsa. Ya ce Mudi mai gyaran waya yake nema.

Tasi'u ya ce, "Ni ne, Baba."

Dattijon ya miƙa masa waya, sanyi ƙalau kamar daga randa aka tsamo ta. Ya ce akwai wata folda a ciki, ta ƙi buɗuwa, ta ƙi goguwa, zai biyo shi rumfa ya karɓa. Leɓensa sukan gama motsi kafin muryar ta iso. Tasi'u ya lura, amma ya ce zafin rana ne.

A rumfa ya danna foldar. Ba ta da suna. Ya ce a goge, wayar ta ce ba shi da izini. Ya buɗe baya zai cire memori, babu memori. Ya jona ta da kwamfuta, kwamfutar ta ga komai ban da foldar. Ya share wayar kaf ta koma kamar sabuwa. Da ta kunnu, ga foldar nan.

Haushi ya kama shi. Ya ce a fili, da Mudi ne da tuni an fara yabonsa.

Yana ambaton sunan, foldar ta buɗe.

Hotuna ne. Maza a zaune cikin rami mai duhu, kowa da aikinsa a cinya. Wani agogo, wani keken ɗinki. Na huɗu ya gane shi: Malam Ila mai gyaran rediyo, wanda ya ɓace tun Tasi'u yana firamare. Bai tsufa ba. Hoton ƙarshe baƙi ne, an rubuta Mudi a ƙasansa. Yana kallo hula ta fara bayyana a ciki. Hular Tasi'u ce. Sai goshi.

"Mudi, ka gama?"

Bai ji takun kowa ba. Ya sunkuyar da kai, idonsa ya sauka kan ƙafafun dattijon. Dugadugan ne a gaba, yatsun suna kallon baya.

Daga nesa aka fara jin hayaniyar masu dawowa daga masallaci. Mudi na cikinsu. Tasi'u ya ce mini wallahi ya ji haɓarsa tana ɗagawa da kanta. Nuni ɗaya kawai, rumfar can ta zama kango, layin masu jiran Mudi ya dawo gabansa. Ya daɗe a haka, gumi na ɗiga kan wayar.

Ya ce, "Baba, ni ba Mudi ba ne. Mudi ya bar garin nan."

Dattijon ya zare wayar daga hannunsa. "Mun gani. Hannunka bai kai nasa ba."

Ya juya ya tafi, ƙafafunsa kamar masu dawowa.

Sati guda Tasi'u yana kwance da zazzaɓi. Mudi ya zo duba shi har sau biyu da lemo, bai san komai ba, har yau ma bai sani ba. Na tambayi Tasi'u me ya fi tsaya masa a rai, ƙafafun ko ramin. Ya ce, "Kulu, har su ma shi suke nema."

Don haka kada wanda ya bi bayan marina shi kaɗai da rana tsaka. In an kira sunan da ba naka ba, ko mai sunan ya tsone maka ido, ka ja bakinka ka wuce.