Kwakwa a Bakin Rijiya

Ana tsakiyar jan igiya Sufeto Girdhari Meena ya iso gonar Kesar Bai, a bayan garin Lalsot. 'Yar wani makiyayi ce ta faɗa tsohuwar rijiyar burtsatse. Aka zaro ta da rai, ƙafa a karye. Dagaci ya ce a kama mai gonar, tunda doka ta ce rijiyar da ta ƙafe a rufe ta da murfin ƙarfe, a yi masa walda.

Kesar ta gyara lulluɓi, ta zauna daram a ƙasa.

"Na rufe ta, yallaɓai. Kawo ankwarka, amma sai ka ɗauke ni har da gonar."

Girdhari ya durƙusa ya duba. Waldar na nan, da zarto aka yanke ta. A gefe ga fasasshiyar kwakwa da jan garin da ake shafawa wajen bauta.

Ya fara da Nathu ɗan gwangwan. Nathu ya ce da shi ya yanke, da tuni murfin ya zama tukunya, ga shi kuwa an tsince shi jingine a gindin darbejiya. Maƙwabci Bhanwar, mai kwaɗayin gonar, tun farkon damina yake kwance a asibiti.

Sai Sufeto ya sa aka kira Chhoga Ram, tsohon da ke ɗora kwakwa a tafin hannu ya nuna inda za a haƙa rijiya.

"Baba, ɓarawo ba ya fasa kwakwa, sai mai neman albarkar rijiya. Kai ka nuna wurin nan, ta ƙafe, gari ya mai da kai abin dariya. Da damina ta sauka ka zo duba ko ruwa ya dawo."

Tsohon ya ɗaga kai. "Akwai ruwa a ciki, yaro. Rijiya mai rai ba a toshe mata numfashi."

Aka sa masa ankwa. Kesar ta ce ba za ta tashi ba sai dagaci ya kawo mai walda da ƙafarsa.

Dagaci bai kai ga amsawa ba wani baƙo ya tsayar da babur, rigarsa duk laka.

"Wane ne mai kwakwar? Rijiya nawa ka buɗe, tsoho? A ƙauyenmu ma ana jin kukan yaro daga ƙarƙashin ƙasa a gonar gero."